Yadda Awon Kolestarol Ya Zama Al'adar Masu Lafiya

Al'adar da ke sa mutum mai cikakkiyar lafiya, wanda babu inda ke masa ciwo, ya tafi asibiti ya miƙa hannu a ɗebi jininsa domin a auna yawan kolestarol da ke ciki, sabuwar al'ada ce ƙwarai idan aka dubi tsawon tarihin aikin likita, domin ba ta kafu a tsakanin talakawan gari ba sai a shekarun 1980, kuma a ƙasar Amurka ta fara yin ƙarfi kafin ta bazu zuwa sauran ƙasashe. Kafin wannan lokaci, abin da aka saba shi ne ciwo ya kai mutum wurin likita, likita kuma ya nemi dalilin ciwon. Awon kolestarol ya zo da wata dabara dabam, wato a nemi alamar cuta shekaru ashirin ko talatin kafin cutar ta bayyana, kuma tarihin yadda aka shawo kan jama'a suka yarda da hakan ya nuna cewa gangamin wayar da kai bai yi tasiri ba sai da abubuwa uku suka haɗu: hujjar cewa sinadarin yana cutarwa, awon da za a iya dogara da shi, da kuma abin da za a yi wa mutum bayan an gaya masa sakamakonsa.

Kolestarol wani sinadari ne mai kama da kakin zuma wanda jiki ba ya rayuwa sai da shi, domin da shi ake gina bangon ƙwayoyin halittar jiki, daga gare shi ake samar da ruwan matsarmama da ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, haka kuma wasu sinadaran da ke tafiyar da balaga da haihuwa. Hanta ce ke ƙera mafi yawansa, ragowar kuma yana shigowa ta abincin da aka samu daga dabbobi. A cikin tsakuwar matsarmama masana kimiyya na Faransa suka fara ganinsa a ƙarni na 18, sannan Michel Chevreul ya sake tace shi a 1815, ya kuma raɗa masa suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ruwan matsarmama da daskararren abu. Kusan shekaru ɗari bayan haka ba a cika alaƙanta shi da zuciya ba, sai a 1910 da Bajamushe Adolf Windaus ya nuna cewa daskararren maiƙon da ke taruwa a bangon jijiyoyin jinin da suka lalace yana ɗauke da kolestarol ninkin-ba-ninkin abin da ake samu a lafiyayyar jijiya. Wannan daskararren maiƙo shi ne tushen matsalar: yana taruwa a hankali cikin bangon jijiya yana ƙuntata hanyar jini, idan kuma ya fashe jini ya daskare a kansa ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya sai a samu abin da ake kira bugun zuciya, idan ta ƙwaƙwalwa ce ta toshe sai a samu shanyewar ɓarin jiki.

A 1913 wani matashin likitan sojan Rasha, Nikolai Anichkov, da ke aiki a makarantar likitancin soja ta Saint Petersburg, ya riƙa ciyar da zomaye kolestarol da aka narkar a cikin mai, kuma da aka buɗe jijiyoyinsu sai aka tarar da daskararren maiƙo irin wanda ake gani a jikin mutane. Da an ɗauki wannan aiki da muhimmancin da ya cancanta, da an rage wa duniya jiran shekaru masu yawa, amma likitocin zamaninsa sun ture shi gefe bisa hujjar cewa zomo ciyawa yake ci, jikinsa bai san kitse ba, ga shi kuma da aka maimaita gwajin a kan karnuka da ɓeraye ba a ga irin wannan sakamako ba. Ra'ayin da ya yi rinjaye a lokacin shi ne taurin jijiya abokin tafiyar tsufa ne, kamar furfura, don haka babu abin da za a yi masa. Ko da likitan ƙasar Nowe Carl Müller ya bayyana a ƙarshen shekarun 1930 cewa akwai iyalan da ke gadon yawan kolestarol tare da bugun zuciya tun da ƙuruciya, an ɗauki abin a matsayin wata cuta ta daban da ta shafi mutane ƙalilan.

Abin da ya sauya lamarin shi ne yawan mace-mace a Amurka. A shekarun 1940 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini su ne ke da alhakin kusan rabin mutuwar da ake yi a ƙasar, kuma rasuwar Shugaba Franklin Roosevelt a ranar 12 ga Afrilu 1945, yana da shekara 63, sakamakon fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa bayan ya daɗe da hawan jinin da likitocinsa ba su da maganinsa, ta nuna wa hukuma irin ƙarancin sanin da ake da shi. A 1948 Shugaba Harry Truman ya sa hannu a dokar da ta kafa cibiyar binciken zuciya ta ƙasa, a shekarar kuma aka fara wani bincike a garin Framingham na jihar Massachusetts, yamma da Boston, inda aka ɗauki mutum 5,209 maza da mata waɗanda yawancinsu ba su da ciwon zuciya, ana duba su duk bayan shekara biyu, ana auna jininsu da nauyinsu, ana rubuta ko suna shan taba, sannan a jira a ga wanda zai kamu. Muhimmancin Framingham ga tarihin wannan al'ada ya wuce alƙaluman da ya samar, domin ya taimaka wajen sa a riƙa ɗaukar lafiyayyen mutum a matsayin wanda ya cancanci a yi masa awo. A 1961 William Kannel da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon shekaru shida na farko, suka nuna cewa yawan kolestarol da hawan jini suna gabatar cutar da shekaru, kuma daga wannan takarda ce kalmar abubuwan da ke ƙara haɗari ta shiga bakin likitoci, wato halaye ko alamomin da ake iya aunawa a yau waɗanda ke nuna yiwuwar kamuwa a gobe.

Wata hujja mai tayar da hankali ta fito daga fagen yaƙin Koriya, inda likitocin soja suka binciki gawawwakin sojojin Amurka 300 waɗanda matsakaicin shekarunsu 22 ne, suka ba da rahoto a 1953 cewa kusan kashi 77 cikin ɗari nasu suna da alamar daskararren maiƙo a jijiyoyin zuciyarsu. Waɗannan samari ne ƙarfafa da aka tantance lafiyarsu kafin a tura su yaƙi, don haka ba sauran batun tsufa. Bugun zuciyar da ya sami Shugaba Dwight Eisenhower a Satumbar 1955 ya kai zancen cikin gidajen jama'a, domin likitansa Paul Dudley White ya riƙa yi wa 'yan jarida bayani filla-filla a kan abinci da motsa jiki. A gefe guda kuma Ancel Keys na jami'ar Minnesota ya fara bincikensa na ƙasashe bakwai a 1958, inda aka bi maza sama da 12,000 a Amurka, Finlan, Holan, Italiya, Yugoslabiya, Girka da Japan, aka ga cewa gabashin Finlan, inda man shanu da madara mai kitse suka mamaye abinci, shi ne kan gaba a yawan kolestarol da bugun zuciya, yayin da tsibirin Kirit da ƙauyukan Japan suke ƙasa. An soki Keys a kan yadda ya zaɓi ƙasashen, sukar da ba ta rasa tushe ba, kuma an gano a 2016 cewa masana'antar sukari ta biya wasu masana na jami'ar Harvard a shekarun 1960 domin su rubuta nazarin da ya ɗora laifi a kan kitse ya sassauta wa sukari, abin da ya ƙara wa jama'a shakku, duk da cewa bai rushe hujjar da ke tsakanin kolestarol na cikin jini da cutar ba.

Sai dai sanin cewa abu yana cutarwa dabam, iya auna shi a jikin miliyoyin mutane dabam, kuma wannan ɓangare na tarihin shi ne aka fi mantawa da shi. Tsofaffin hanyoyin awo sun dogara ne da zuba ruwan guba mai ƙarfi a kan jini a duba yadda launinsa ya sauya, aiki mai wahala da haɗari wanda sakamakonsa ke bambanta daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan. John Gofman, masanin kimiyyar da ya yi aikin makamin nukiliya kafin ya koma likitanci a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya nuna a 1950 cewa tunda maiƙo ba ya gauraya da ruwa, kolestarol yana tafiya ne a cikin jini a lulluɓe cikin wasu ƙunshi na furotin, kuma waɗannan ƙunshi iri-iri ne. Wanda ake kira LDL shi ne ke ɗaukar kolestarol daga hanta zuwa sassan jiki, shi ne kuma ke maƙalewa a bangon jijiya, yayin da HDL ke kwaso shi ya mayar hanta, daga nan aka samo laƙabin mugun kolestarol da mai kyau, laƙabin da ya sauƙaƙa bayani ga jama'a ko da yake ya rage wa gaskiyar lamarin wasu sassa. Na'urar Gofman mai tsananin juyi tana da tsada, ba kowane asibiti zai mallake ta ba, sai a 1972 William Friedewald da abokan aikinsa suka fito da wani lissafi mai sauƙi da ke ba da ƙiyasin LDL daga awo uku masu araha. Lissafin yana buƙatar jinin da maiƙon abincin da aka ci ɗazu bai gurɓata ba, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka saba cewa mai zuwa awo ya zo da safe kafin ya karya kumallo, ƙa'idar da masana a Turai suka sassauta a 2016. A tsakiyar shekarun 1970 aka samo hanyar awo da sinadaran halitta maimakon ruwan guba, wadda na'ura ke iya yi da kanta, daga nan kuɗin awon ya faɗi.

Duk da haka, har farkon shekarun 1980 likitoci da yawa ba sa ɗaukar awon da muhimmanci, kuma suna da hujja. Takardun sakamako na nuna adadin da ya kai miligiram 280 ko 300 a kowane desilita na jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita, a matsayin daidai, saboda an ɗauki abin da aka fi samu a jikin Amurkawa a matsayin lafiya, alhali yawancin Amurkawan a kan hanyar cutar suke. Ƙari a kan haka babu wanda ya tabbatar da cewa rage kolestarol yana rage bugun zuciya. Wani babban gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyi a kan maganin kulofibiret, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1978, ya nuna an samu raguwar bugun zuciya amma mutuwa daga wasu dalilai ta ƙaru a cikin masu shan maganin, kuma likitan zuciya na Edinburgh Michael Oliver, wanda ya jagoranci gwajin, ya zama babban mai gargaɗi a kan gaggawa. Bai kamata a ɗauki irin waɗannan masu shakka a matsayin masu taurin kai ba, domin tambayarsu ta dace: mene ne amfanin tsorata lafiyayyen mutum da lamba idan abin da za a ba shi bai tabbata yana tsawaita rai ba?

Amsar farko ta zo a Janairun 1984, lokacin da aka bayyana sakamakon gwajin da cibiyar zuciya ta Amurka ta yi a kan maza 3,806 masu yawan kolestarol, waɗanda sai da aka auna kusan mutum 480,000 kafin a zaƙulo su. An ba rabinsu wani garin magani mai suna kolestiramin, mai wuyar haɗiya, sauran kuma aka ba su gari marar magani, aka bi su sama da shekara bakwai, aka samu raguwar kashi 19 cikin ɗari na bugun zuciya a cikin masu shan maganin. Bambancin bai yi girman da aka yi fata ba, amma ya ishi hukuma, domin a Disambar shekarar aka kira taron masana ƙarƙashin jagorancin Daniel Steinberg wanda ya yanke cewa rage kolestarol yana rage cutar, a Nuwambar 1985 kuma aka ƙaddamar da shirin ƙasa na ilimantarwa a kan kolestarol. A shekarar ce aka ba Michael Brown da Joseph Goldstein na Dallas lambar yabo ta Nobel saboda gano ƙofar da ƙwayoyin jiki, musamman na hanta, ke kwashe LDL daga jini ta cikinta, binciken da ya bayyana dalilin ciwon iyalan da Müller ya gani: an haife su ne da ƙarancin waɗannan ƙofofi.

Hikimar shirin ilimantarwar tana cikin sauƙin saƙonsa, domin bai nemi jama'a su fahimci ilimin hanta ba, abin da ya roƙa kawai shi ne kowa ya san lambarsa. Rahoton kwamitin masana da aka wallafa a 1988 ya ba da shawarar a auna duk wanda ya kai shekara 20 aƙalla sau ɗaya a shekara biyar, ya kuma raba sakamako gida uku: ƙasa da 200 shi ne abin so, 200 zuwa 239 bakin iyaka, 240 zuwa sama ya yi yawa. An yi amfani da talabijin da jaridu da ƙungiyoyin likitoci, an keɓe watan Satumba domin wannan faɗakarwa, kuma ƙananan na'urorin da ke ba da sakamako cikin 'yan mintuna daga ɗigon jinin yatsa sun fitar da awon daga asibiti zuwa manyan kantuna, wuraren aiki da majami'u. Binciken cibiyar ya nuna cewa waɗanda suka taɓa yin awon sun tashi daga kashi 35 cikin ɗari na manya a 1983 zuwa kashi 75 a 1995, matsakaicin kolestarol na Amurkawa kuma ya sauko daga kusan 222 a farkon shekarun 1960 zuwa kusan 203 a farkon wannan ƙarni. Amma awon kasuwa ya zo da nasa aibi, domin na'urar da ba a daidaita ba ko ma'aikacin da bai ƙware ba na iya ba mutum lambar da ta kauce da yawa, kuma da dama daga waɗanda aka gaya wa lambarsu ta yi sama ba su taɓa zuwa wurin likita ba, sun koma gida da fargaba kawai. A 1989 ɗan jarida Thomas Moore ya rubuta doguwar maƙala a mujallar Atlantic yana zargin cewa shirin ya yi gaban hujjarsa, kuma a wancan lokacin zargin yana da ƙamshin gaskiya.

Abin da ya cike giɓin ya fito ne daga Japan. Akira Endo, ɗan manomi da ke aiki a kamfanin magunguna na Sankyo, ya binciki dubban nau'o'in fumfuna bisa tunanin cewa wasunsu za su ƙera abin da ke hana haɗa kolestarol domin kare kansu, kuma a 1973 ya samo sinadarin farko daga rukunin magungunan da ake kira sitatin, waɗanda ke rage ƙera kolestarol a hanta, hantar kuma ta ƙara yawan ƙofofinta ta kwashe LDL daga jini. An amince da sitatin na farko a Amurka a 1987, daidai lokacin da gangamin ke kan ganiyarsa, amma hujjar da ta rufe bakin muhawarar ba ta zo ba sai 1994, da aka kammala gwaji a kan majinyata 4,444 a ƙasashen arewacin Turai, aka ga mutuwa daga kowane dalili ta ragu da kashi 30 cikin ɗari a cikin masu shan simbasitatin, ɗaya daga cikin magungunan sitatin. Shekara guda bayan haka wani gwajin a yammacin Sukotlan ya nuna amfanin wani sitatin ga mazan da ba su taɓa samun bugun zuciya ba, kuma Oliver kansa ya amince da hujjar.

Ba ta hanyar ƙwaya kaɗai aka yi nasara ba. A lardin Karelia ta Arewa a Finlan, inda maza ke mutuwa da ƙuruciya har shugabannin yankin suka kai koke ga gwamnati a 1971, an fara wani shiri a 1972 ƙarƙashin matashin likita Pekka Puska, wanda ya haɗa awon da sauya abin da ke kan faifan abinci: ƙungiyar matan gida ta koyar da girki da man tsirrai maimakon man shanu, an taimaki masu kiwon shanu su koma noman 'ya'yan itatuwa, ƙauyuka suka riƙa gasar rage kolestarol a tsakaninsu. Cikin shekaru arba'in mutuwar maza masu shekarun aiki daga ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari. Holan kuwa ta bi ta zumunci, domin daga 1994 ta riƙa bin dangin duk wanda aka samu da cutar gadon da Müller ya bayyana gida-gida ana auna su, tunda kowane ɗa ko ɗan'uwa na jini ɗaya yana da yiwuwar rabi-da-rabi na ɗauke da ita, cutar da yanzu aka ƙiyasta tana shafar kusan mutum ɗaya cikin 250. Sulobeniya ta zaɓi auna dukkan yara 'yan shekara biyar.

Da tafiya ta yi nisa, lambar da aka ɗora gangamin a kanta ta daina tsayawa ita kaɗai. Tsarin duba lafiya na Ingila da aka fara a 2009, wanda ke gayyatar 'yan shekara 40 zuwa 74 duk bayan shekara biyar, da kuma ƙa'idojin Amurka na 2013, sun mayar da hankali ga jimillar haɗarin mutum cikin shekaru goma masu zuwa, inda ake haɗa kolestarol da shekaru, hawan jini, ciwon suga da shan taba, ta yadda mutum biyu masu lamba ɗaya za su iya samun shawara dabam. Wannan komawa ce ga darasin Framingham na asali, kuma ta fi amfani ga ƙasashen da cutar ta koma yanzu, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu, rukunin da Najeriya da Nijar suke ciki. Hukumar ta sanya simbasitatin a jerin magungunan da bai kamata a rasa ba tun 2007, amma awon kansa bai isa ƙananan asibitocin karkara da yawa ba, shi ya sa jadawalin ƙiyasta haɗari da ta sabunta a 2019 ya fito kashi biyu: ɗaya na wuraren da ke da ɗakin gwaji, ɗaya kuma na wuraren da babu, inda ma'aikacin lafiya ke amfani da nauyin mutum da tsawonsa a madadin kolestarol, sannan ya tura wanda haɗarinsa ya yi sama zuwa inda za a iya ɗibar jininsa.